Ɗigon da Na Goge a Huhuna

Ni mai hoto ne, amma in za a faɗi gaskiya ɗaukar hoton ba shi ne gwanintata ba. Duk mai yatsa zai iya danna kyamara. Abin da ya ciyar da ni da iyalina tun ina da gashi a ka shi ne gyara. Ka shigo shagona da ƙuraje cike da fuska, ka fita da hoto sumul, har kai da kanka ka tsaya kana tambayar ko kai ne. Mai tabo, mai furfura, mai giɓi, wanda ya tashi da kumburin ido, duk na san maganinsu. Akwai matan da na rage wa shekara goma-goma ba tare da sun roƙe ni ba, kuma ba wadda ta taɓa kai ni ƙara.

Shagon ɗaki ne mai tsawo a bakin titi, tsakanin mai gyaran agogo da wata mai sayar da takalma. Daga ƙofa akwai madubi da mataji ɗaure da igiya, don matajin da ba a ɗaure ba ba ya kwana biyu. Can ciki labule uku ne: mai ruwa yana gangarowa daga dutse, mai matakalar wani gida da ni da masu zuwa ba wanda ya taɓa shiga irinsa, sai shuɗi na hoton fasfo. Akwai baƙar kwat guda a rataye, wadda rabin mazan unguwa suka nemi aiki a cikinta. Sai kujera mai gajeriyar ƙafa, da na yi shekaru ina cewa gobe zan kai wa kafinta, ina cusa mata kwali a ƙasa. Ku riƙe kujerar nan a ranku, za ta dawo.

Na koyi aikin a wajen wani tsoho mai saurin fushi, zamanin fim da ɗakin duhu da jan ƙwan lantarki. Shi ya damƙa min fensir mai tsini, ya nuna min yadda ake bin negatif a hankali ana cike ramin ƙuraje har fata ta yi laushi. Yakan ce ba wanda ke zuwa shagon hoto don ya ga kansa, in don wannan ne madubi ya ishe shi. Na haddace maganar kamar karatu. Da kwamfuta ta zo, fensir ya koma aljihu, aiki ya ƙara sauƙi, hannuna kuma ya ƙara lalacewa. Har ta kai ko bango na gani da tsaga a hoto sai yatsana ya yi ƙaiƙayi.

Mutum ɗaya ce ta taɓa dawo min da hoto, ita kuma na aura. Ta zo ne tana budurwa, tana son hoton neman shiga makarantar koyon malanta. Tana da tawadar Allah a ƙarƙashin idon hagu, ɗan baƙin ɗigo kamar an ɗiga da biro. Ni kuwa da na ga yarinyar ta kwanta min a rai, sai na ce bari in yi mata bajinta. Na zauna na share ɗigon tas.

Washegari ta karɓi hoton, ta kai bakin ƙofa wajen haske, ta dawo ta ajiye min a tebur.

“Malam, wannan wace ce?”

“Ke ce mana.”

“Ina tawadata?”

“Na cire miki. Kyauta ce, ba sai kin gode ba.”

“Wa ya aike ka? Abata ce, da ita aka haife ni, ka mayar min.” Ta ɗora yatsa a wajen. “Kuma ko gyaran ba ka iya ɓoyewa ba. Dubi nan, ya fi ko'ina santsi, kamar an lashe.”

Na sake ɗaukarta, na kuma samu dalilin sake ganinta. Tun daga ranar nake kiranta Tawada in muna mu biyu, ita kuma in tana son ta tsokane ni sai ta ce Mai Hoto. Bayan ta bar koyarwa takan zo shago ta zauna tana yanka hotunan fasfo da almakashi, tana nuna min duk inda hannuna ya bi a fuskokin mutane, don dai ta ba ni haushi. Mai hankali da ya riƙe wannan a kansa. Ni ban riƙe ba.

Mun haifi yara huɗu, duk sun watse. Gidanmu cike yake da akwatunan hotunansu, tun daga rarrafe har zuwa ɗaukar nasu jariran. Ni kullum ina bayan kyamara ina cewa a matso, a ɗaga haɓa, kada a motsa. In aka ce in shigo sai in ce wa zai ɗauka, alhali gaskiyar ita ce ban yarda da hannun kowa a kan fuskata ba.

To, bara sai kujera ta karɓi hakkinta. Tawada ta tafi wani gari wajen autarmu da ta haihu, ni kuma na sayo sabon labule mai hoton lambu, na hau kujerar zan rataya. Kwali ya zame, na yi sama, na sauko da haƙarƙari a kan gefen tebur. Mai gyaran agogo ne ya ji ƙarar, ya zo ya same ni a ƙasa lulluɓe da lambu. Sai da ya gama dariyarsa sannan ya kai ni asibiti.

Hoton ƙirji na farko bai gamsar da su ba, suka ce in shiga babbar na'ura, wadda ake kwantar da mutum a tura shi cikin zobe tana yanka hotonsa sala-sala. Wata murya ta ce min kada in motsa, in riƙe numfashi. Maganar da na yi rayuwata ina faɗa wa mutane ke nan, ina jin haushin duk wanda ya ƙifta ido. Ranar da aka faɗa min sai tari ya taso, aka sake. Na ji kunya ƙwarai.

Likitan saurayi ne, bai wuce sa'an ɗana na biyu ba. Ya ce, “Baba, haƙarƙarinka lafiya lau, buguwa ce kawai. Amma matso ka ga wani abu.”

Ya juyo min da allon kwamfutarsa. Ga huhuna baƙi, ga jijiyoyi farare sun rarrabu kamar saiwar itace. Can gefe, ya ɗora bakin biro a kan wani ɗan farin ɗigo kewayayye.

Na ce, “Likita, kun goge gilashin na'urar nan kuwa? Don ni ma in ƙura ta hau min kyamara haka take fitowa.”

Ya yi dariya har ya ajiye biron. “Ba ƙura ba ce, Baba. Ɗan ƙulli ne a cikin huhu, milimita bakwai. Ba shi muka je nema ba, karo muka yi da shi. Kuma kada gabanka ya faɗi, muna ganin irinsa kullum. Tunda na'urorin nan suka yi kaifin ido, mutane da yawa da suka zo don wani abu daban sai a ga suna da shi. Mafi yawa tabo ne na wani tsohon ciwon ƙirji da jiki ya warkar da kansa, wani lokacin ma mutum bai san ya yi ba.”

“Mafi yawa. Sauran fa?”

“Kaɗan daga ciki kan zama ciwon daji. Shi ya sa muke duba abubuwa. Girmansa, naka ƙarami ne. Gefensa, naka sumul yake, wanda ke damunmu shi ne mai ƙayoyi-ƙayoyi. Sai shekarun mutum, da ko akwai ciwon a danginsa. Kana shan sigari?”

Na ce na sha a samartaka na ɗan lokaci, don 'yan mata su ga hayaƙi, tari ya kore ni. A danginmu kuwa hawan jini ne gadonmu.

“To ka gani. In aka tara mutum ɗari masu irin naka, ɗaya ne ko biyu nasu zai zama wani abu.”

Mutum ɗari ya tara min a ɗakin nan, casa'in da takwas suna cikin ƙoshin lafiya. Ni kuwa na ratsa su duka na je na tsaya kusa da biyun nan, na ce a matsa min.

“Likita, a wajenmu in aka ga ɗigo cire shi ake yi.”

“A wajenmu kallonsa ake yi tukuna. Ya yi ƙanƙanta a bi shi da allura, huda huhu don abu kamar wannan ya fi barinsa haɗari. Ka dawo bayan wata shida a sake hoto, a ajiye tsoho da sabo a gwada. In bai ƙaru ba, labari mai daɗi ne. Abu mai mugun nufi ba ya zama wuri ɗaya, girma yake yi.”

Suka ba ni faifan kwamfuta mai ɗauke da hoton, da wata babbar takarda mai ƙyalli da aka jera ƙananan hotunan huhuna a kai, layi-layi kamar fasfo na 'yan aji guda. Na karɓa na fito.

A hanya ba kaina na fara tunawa ba, Tawada na tuna. Yayanta, wanda ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, ciwon daji ne ya ɗauke shi, kuma a hannunta ya ƙare. Ita ta yi jinyarsa tun yana tafiya da ƙafarsa har ya koma ana juya shi. Tun daga nan ko a rediyo aka ambaci sunan ciwon sai ta tashi ta kashe. Ga hawan jini yana damunta. Na ce a raina matar nan ba za ta ji wannan daga bakina ba. Wannan shi ne dalilin da na ba kaina, kuma gaskiya ne. Akwai na biyu da ban so dubawa ba: ina tsoron in na furta, abin zai tabbata.

Matsalar ita ce na san halinta. Mai gyaran agogo ya riga ya buga mata waya ya ba ta labarin lambu, kuma tana dawowa za ta ce ina hoton.

Da rana tsaka na ja ƙofar shago, na ɗora takardar a na'urar kwafi, na buɗe ta a kwamfuta. Ɗigon ya fito a hotuna uku daga cikin jerin. Na ƙara musu girma, na ɗebo baƙi daga gefe na rufe shi. Sai na ga bakin wajen bai haɗu ba, na ɗan faɗaɗa. Sai na ga wata jijiya ta yanke a tsakiya kamar an gutsure ta, na ce wannan za ta tona ni, na share ta gaba ɗaya. Wata ƙarama a kusa ta zama marainiya, ita ma na sallame ta. Na shafe wajen ya yi lumui. Na buga a takarda mafi kyau da nake da ita, wadda nake ajiye wa hoton amare. Wallahi da ta fito daga firinta sai da na ji numfashina ya buɗe, kamar an yi min aiki an yi nasara. Na yage ta asalin, faifan kuma na cusa shi a ƙasan jakar kyamara.

Da ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta ce, “Mai Hoto, an ce ka yi tsalle. Ina hoton?”

Na miƙa mata ina murmushi. “Ga shi, tas. Likita ya ce huhun saurayi gare ni.”

Ta kai shi bakin ƙofa wajen haske. Ta daɗe tana kallo, har na fara jin ƙaiƙayi a wuya. Can ta juyo ta ce, “To, mun gode Allah.” Ta mayar da shi ambulan ta sa a ƙasan kayanta. Ni kuwa na yaba wa kaina, na ce hannu dai hannu ne, yau na ci wadda ba a ci.

Watannin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Na ɗauko rula na auna milimita bakwai a kan farce, na ga bai kai ƙwayar wake ba, amma ƙwayar nan ta cika min shago. Ina ganinta a maɓallin rigar mai zuwa hoto, ina ganinta a kan ƙusar da na rataye kwat. In na yi tari sai in tsaya in saurara, kamar makanike yana jin inji. Na shiga waya na yi bincike, waya ta binne ni sau uku kafin rana ta take. Wani shafi ya ce ba komai, wani ya ce in yi sallama da dangi, ni kuma na zaɓi in yarda da na biyun don ya fi kama da sa'ata. Na zama mutumin kirki ba shiri. Na daina faɗa da mai takalma kan kwalayen da take tarawa a ƙofata, har ta tambayi mai agogo ko faɗuwar ta taɓa min kai.

Tawada ma ta canja, ni kuma da basirata na fassara komai a karkace. Ta rame, zoben hannunta ya fara juyawa. Ta daina yi min mita kan kofin shayin da nake bari a ƙarƙashin gado, mitar da ta girmi autarmu. In na yi tari sai in ji tafin hannunta a bayana, ba ta ce komai. Ta hana ni sharar shago, ta ce ƙura. Wata rana na dawo cin abinci na tarar ta zazzage akwatunan hotuna duka a tsakar ɗaki, tana zaune a tsakiyarsu tana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya.

“Me ake nema?”

“Gyara nake yi.”

Na ce a raina hawan jinin nan yana cinta. Na saya mata magani, na kuma ƙara yaba wa kaina: dubi yadda ta koma alhali ba ta sani ba, ina ga da ta sani.

Wata shida ya cika, ban koma ba. Lissafina shi ne, muddin ba a sake hoto ba ɗigon yana nan a bakwai. Ni da na fi kowa sanin cewa rufe kyamara ba ya hana mutum tsufa. Na ce sai aiki ya lafa, alhali aikin tun zuwan wayoyi masu kyamara a lafe yake.

Wata safiya ina ɗaura agogo ta ce, “Maigida, yau asibiti za mu. Haƙarƙarin nan bai warke ba, ina jin kana nishi.”

“Ni? Yaushe?”

“Kai. In ka sunkuya.”

Ban yi nishi ba, na rantse. Amma in ta ce Maigida maimakon Mai Hoto, magana ta ƙare. Na rataya jakar kyamara don ban iya fita ba ita, ita kuma ta ɗauko ambulan ta rungume.

A asibiti na lallaɓa na gaya wa mai rajista a kunne cewa hoton maimaici ne na zo. Aka tura ni zobe, wannan karon ko ƙifta ido ban yi ba. Dabarata ita ce in shiga wajen likita ni kaɗai, in bar ta a benci. Ana kirana na ga ta riga ni tashi.

Saurayin likitan an canja masa wajen aiki. Wata mace muka tarar, mai gilashi, da alama ba ta da lokacin wasa. Ta buɗe sabon hoton a kwamfuta, ta ce, “Baba, akwai ɗan ƙulli a huhun dama. Kun zo da tsohon hoton?”

Kafin in haɗiye yawu Tawada ta zare takardar amare ta shimfiɗa a tebur.

Likita ta bi layukan da yatsa, ta dubi kwamfuta, ta sake duban takarda. Na ga fuskarta ta ɗaure.

“In wannan ne hoton baya, to magana ta canja. Nan babu komai. Ke nan a 'yan watannin nan abin ya fito har ya kai haka, kuma irin wannan ba ma jira da shi, sai mu…” Ta ɗaga takardar ta matso da ita fuska, ta cire gilashi, ta mayar. “Tsaya. Ina jijiyoyin wajen nan suka tafi? Ba huhun da ke da fili haka. Wa ya taɓa hoton nan?”

Gumi ya karyo min har cikin takalmi. Na dubi silin, na dubi kalandar bango, na rasa wanda zai cece ni.

Tawada ta ce, “Mai hoto ne, Likita.”

Ba ta ko dube ni ba. Na sunkuya na tono faifan daga ƙasan jaka, na miƙa da hannu biyu kamar ɗan makarantar da aka kama da satar amsa.

Likita ta sa shi, ta jera tsoho da sabo a allo ɗaya, ta ja ɗan layin awo a kan kowanne.

“Bakwai a da, bakwai yanzu. Gefensa yadda yake. Bai motsa ba.”

Ashe a duk jikina shi kaɗai ne ya ji maganar mai hoto.

Ta juyo gare ni. “Baba, ka san da na yarda da takardar nan da yanzu ina rubuta maka allura a huhu? Tsohon hoto shi ne rabin maganin irin wannan abu, da shi muke gane ko yana girma. Kai kuma ka je ka yi masa kwalliya.” Na ce a yi haƙuri, hannu ne ya saba. Ta ce in dawo bayan shekara guda ko da 'yan watanni a sake dubawa, in ya cika shekara biyu a haka za su ƙyale shi, tabo ne kawai. Amma in na ga jini a tari, ko tari ya ƙi tafiya, ko na fara ramewa ba dalili, kada in jira. Sannan ta dubi Tawada ta ce, “Mama, ke za ki riƙe faifan.”

Muka fito. A baranda akwai dogon benci, ta zauna, ni ma na zauna ɗan nesa. Na shirya jin faɗa, har na tanadi amsoshi. Sai na ga ta ɗaga babban yatsanta tana kallon farcen.

“Bakwai ɗin nan, nawa ne?”

Na nuna mata, bai kai rabin faɗin farcen ba. Ta daɗe tana dubawa.

“Tun ranar da ka miƙo min na gani,” in ji ta. “Wuri uku, sumul kamar an lashe. Kuma da na gwada da girman huhun, abin da ka goge ya kusa cin kwatansa. Na ce abin da ya kai haka ai ya gama da mutum. Na yayana bai kai nan ba lokacin da aka gano.”

Jijiyoyin nan da na yi ta sallama ɗaya bayan ɗaya don aiki ya yi kyau, ashe ita nake auna wa.

“Me ya hana ki tambaye ni?”

“Mutumin da ya ja ƙofa ya zauna ya goge, ai bai iya ɗaukar maganar ba. Na ce bari in ɗauka masa, har ranar da zai iya. Kullum ina kallon wuyan rigarka in ga ko ya fara yi maka yawa. Da na ga ba ka da niyyar komawa asibiti sai na ƙirƙiro nishi.”

Na buɗe baki in ce don ke na yi, na ji maganar ba ta da ƙafar tsayawa, na rufe.

“Ranar da ka tarar na zazzage akwatuna, ka san me nake nema? Hotonka. Guda ɗaya da zan ajiye, in nuna wa jikoki. Na duba duka. Ga yara, ga ni, ga maƙwabta, har akuyar da muka taɓa kiwo tana da biyu. Kai babu. Hotonka ɗaya ne a gidan nan, na huhu, shi ma ka goge.”

Nan ta fashe da kuka, irin wanda ta riƙe wata da watanni. Ni ma na taya ta, tsoho da ni, a barandar asibiti, jakar kyamara a cinya. Masu wucewa suna yi mana sannu, suna cewa Allah ya ba da haƙuri, don sun ɗauka mummunan sakamako muka karɓo. Ban taɓa jin kunya da tausayi sun haɗu min wuri ɗaya kamar ranar ba.

Daga asibiti ba gida muka nufa ba, shago ta ce. Ta ja shuɗin labule, ta gyara kwalin ƙarƙashin kujera da ƙafa, ta ce in zauna. Na kai hannu zan ɗauko kwat, ta ce in bar ta. Na ce aƙalla in wanke fuska, idona ya yi ja, ta ce haka take so. Na fara yi mata bayanin haske, ta ce in rufe baki, in ɗaga haɓa, kada in motsa. Ta danna sau ɗaya. Ta tsaya a kaina har na buga shi, hannunta a kan linzamin kwamfuta don kada nawa ya kai.

Yana nan a bangon ɗakinmu yanzu. Wani tsoho ne mai sanƙo da jajayen idanu, wuyan rigarsa a karkace, da tabon tsohon ƙurji a goshi wanda minti ɗaya ya ishe ni in kawar. Kullum in na wuce yatsana sai ya yi ƙaiƙayi, in sa hannun a aljihu. Ɗigon yana nan a ƙirjina, muna jiran hoto na gaba, kuma ba zan ce tsoro ya tafi duka ba. Amma yanzu in na yi tari takan tambaye ni da baki, ni ma in amsa mata da gaskiya. Zoben ya daina juyawa a yatsanta. Faifan yana ƙasan kayanta, kujerar kuma na kai wa kafinta.